Abebe Bikila, Makiyayin da Ya Yi Tsere Ba Takalmi

1. Ƙuruciyarsa

An haifi Abebe Bikila ran 7 ga watan Agusta 1932, a wani ɗan ƙauye da ake kira Jato, cikin ƙasar Habasha. Habasha tana gabas da Nijar, bayan Cadi da Sudan. Abebe shi ne sunansa, Bikila kuwa sunan mahaifinsa ne, don Habashawa ma suna jera sunan ɗa da na uba kamar yadda ake yi a nan.

Mahaifinsa makiyayi ne. Tun Abebe yana ƙarami yake bin dabbobi daji, kamar yadda yaran Damargu suke bin tumaki da awaki zuwa kiwo da rijiya. Amma ƙasarsu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta Tanut da Belbeji. Ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai, ga sanyi. Yaro ba ya kai garke makiyaya sai ya hau tudu ya gangara, ya sake hawa. A yawancin lokaci kuma ƙafa ba takalmi.

Yana da shekara 3 sojojin Italiya suka faɗa wa Habasha da yaƙi, a 1935. Suka ci Adis Ababa, babban birnin ƙasar, a 1936, ba su fita ba sai 1941. Iyalin su Abebe suka yi ƙaura saboda yaƙin. Da ya yi wayo ya shiga wani wasa na samarin ƙasarsu da ake kira gena. Ana buga ƴar ƙwallo da sanda mai lanƙwasa, a bi ta da gudu cikin fili mai faɗin gaske. Wanda numfashinsa bai da tsawo ba ya daɗewa a cikin gena.

Wajen shekara ta 1952 ya tafi Adis Ababa, ya shiga soja, cikin rundunar masu tsaron Sarki Haile Selasiye. A nan ne ya gamu da Onni Niskanen, wani Bature ɗan ƙasar Suwidin, wanda gwamnati ta ɗauka don ya koya wa sojoji wasannin motsa jiki. Niskanen ya lura da wannan soja siriri, marar yawan magana, wanda yake gudu mai nisa bai gaji ba. Sai ya sa shi cikin ƴan tseren da yake horarwa. Ya riƙe agogo a hannu, yana auna kowane zagaye. Wata rana gudu mai tsawo a hankali, wata rana gajeren gudu da sauri, a huta kaɗan, a sake. Shekaru suka yi suna wannan aiki kafin duniya ta ji sunan Abebe.

2. Daren birnin Roma

Tseren gudu da ya fi kowane tsawo a wasannin Olimpik shi ne maraton. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195. Wanda ya tashi daga Damagaram ya je Mirya ya komo bai cika shi ba tukuna, da sauran wajen kilomita 6 a gabansa. Hanyar Tanut zuwa Damagaram kuwa ta haura maraton uku.

A 1960 aka yi wasannin Olimpik a Roma, babban birnin Italiya. Cikin wannan shekara ne ƙasashen Afirka da yawa suka sami mulkin kai. Nijar ta sami nata ran 3 ga Agusta, tseren maraton kuma aka yi shi ran 10 ga Satumba, kwana 38 ke nan a tsakani.

Kafin su taso daga gida, Abebe ya yi maraton a Adis Ababa cikin awa 2 da minti 21 da sakan 23. Wannan ya fi abin da kowa ya taɓa yi a Olimpik sauri, amma a Turai ba wanda ya kula da labarin. Da suka isa Roma, sabon takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, har ya fid da masa bororo a ƙafa. Sai ya ajiye shi. Ya fito fagen tsere ƙafa ba takalmi, da lamba 11 a ƙirji, cikin mutum 69.

Saboda zafin rana, sai da yamma lis aka tashi. Ba a daɗe ba ƴan gaba suka ware daga sauran. Da aka kai tsakiyar hanya, mutum biyu kaɗai suka rage a gaba: Abebe da wani ɗan Maroko mai suna Radi ben Abdessalam. Ana ba da labari cewa Niskanen ya gargaɗi Abebe ya yi hankali da Radi, ya kuma faɗa masa lambar da zai ɗauka, 26. Ashe a ranar Radi lamba 185 ya ɗauka. Abebe ya yi ta ƙara sauri yana neman mai lamba 26 a gaba, alhali mutumin yana nan kafaɗa da kafaɗa da shi.

Dare ya yi. Hanyar ta bi wani tsohon titi na duwatsu wanda Romawa suka shimfiɗa fiye da shekara 2000 da suka wuce. Sojoji suka jeru a gefe riƙe da sandunan wuta don haskaka wa masu gudu. Suka wuce ta gaban wani dogon dutse sassaƙaƙƙe na garin Aksum, wanda Italiyawa suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a Roma. Sai a 2005 aka mayar wa Habashawa dutsensu. Kusa da ƙarshe Abebe ya saki ƙafa, ya bar Radi a baya, ya riga shi isa da sakan 25.

Agogo ya nuna awa 2, minti 15, sakan 16. Har zuwa wannan rana ba wanda ya taɓa yin maraton da sauri haka a duniya. Ku yi lissafin a kan allo: kowace kilomita ya yi ta cikin minti 3 da sakan 12, kuma sau 42 a jere. Shi ne baƙar fata na farko daga wata ƙasar Afirka da ya ci lambar zinariya a Olimpik. Kuma a birnin waɗanda suka ci ƙasarsa da yaƙi shekara 24 kafin nan ya ci ta. Da ya koma gida jama'a suka fito tarbarsa, Sarki ya ba shi lambar girma, aka ƙara masa muƙami a soja.

3. Me ke sa mutum ya daɗe yana gudu?

Kowane yaro ya san abin da ke faruwa idan ya kori akuyar da ta tsere. Da fari ƙafa tana da sauƙi. Jim kaɗan sai haki ya fara, ƙirji ya yi zafi, cinya ta yi nauyi, tilas ya tsaya ya dafa gwiwa. To, me ya ƙare masa?

Ku dubi maƙera. Gawayi ba ya ci da kyau sai yaron maƙeri ya yi ta zuga. In ya rage zuga wuta ta lafa, in ya ƙara ta yi ja. Jikin mutum ma haka yake. Tuwo da furar da muka ci su ne gawayi. Tsokar ƙafa tana ƙona su don ta sami ƙarfi, kuma ba ta iya ƙona su sai da wani sashe na iska da ake kira oksijan. Cikin kashi 100 na iskar da muke shaƙa, kashi 21 ne oksijan. Huhu shi ne zugazugi: yana jawo iska, oksijan ya shiga jini. Zuciya kuma ta tura jinin zuwa ga tsoka.

Aikin zuciya ya yi kama da jan ruwa a rijiyoyi masu zurfi na Damargu. Mai ƙaramin guga sai ya yi ta ja ba hutawa kafin ya cika kwami. Mai babban wasaki kuwa ja kaɗan ya ishe shi. Zuciyar wanda ya daɗe yana horon gudu ta zama babban wasaki, bugu ɗaya tana tura jini mai yawa. Shi ya sa idan yana zaune zuciyarsa takan buga sau 40 ko 50 kawai a minti, ta sauran mutane kuwa sau 60 zuwa 80. Mutum a zaune, zuciyarsa tana tura jini wajen lita 5 a minti. Babban ɗan tsere a tsakiyar gudu, tasa tana iya tura lita 30 ko fiye.

Wani malamin kimiyya na Ingila mai suna A. V. Hill, wanda shi ma mai son gudu ne, shi ne ya fara auna wannan abu da kyau, shi da abokin aikinsa Lupton, a 1923. Ga yadda suka yi. Mai gudu ya goya wata babbar jakar roba kamar salka, da bututu a bakinsa. Duk iskar da ya fitar tana shiga jakar. Bayan gudu sai a auna yawan iskar, a duba oksijan nawa ya rage a ciki. Abin da ya ɓace, shi ne jiki ya sha. Hill da kansa ya goyi jakar ya yi ta zagaya fili. Suka ga cewa in mutum ya ƙara sauri, oksijan da jikinsa ke sha yana ƙaruwa, har ya kai wata iyaka. Daga nan ko ya ƙara sauri ba ya ƙaruwa. Wanda ya wuce iyakarsa yana gudu ne da bashi, kuma ba a daɗewa jiki yake tsai da shi ya biya. Hakin da ake yi bayan an tsaya, biyan wannan bashi ne.

Daga baya aka ƙera na'urori. Ɗan tsere ya hau wata shimfiɗa mai gudu ƙarƙashin ƙafarsa, an rufe masa baki da hanci da abin shaƙa. A yi ta ƙara saurin shimfiɗar har ya kasa. Ana rubuta sakamakon haka: mililita nawa na oksijan kowane kilo na jikinsa yake sha a minti ɗaya. Saurayi mai lafiya wanda ba ya horo yakan sami wajen 40. Manyan ƴan tsere sukan sami 70 zuwa 85. Malamai biyu na Suwidin, Saltin da Astrand, sun auna Kipchoge Keino na Kenya, suka ba da sakamako a 1967: ya sami 82.

Amma wannan lamba ita kaɗai ba ta nuna wanda zai ci tsere. Derek Clayton na Ostareliya, da aka auna shi, 70 ma bai cika ba, ga shi kuwa a 1969 ya fi kowa saurin maraton a duniya. Dalili shi ne, akwai mai gudu da ɓarna, yana tsalle sama, yana kaɗa hannu da kai, akwai kuma mai tattalin ƙarfinsa. Jakai biyu sukan ci harawa ɗaya, ɗaya ya riga ɗaya isa kasuwa. Waɗanda suka kalli hotunan gudun Abebe sun ga irin wannan tattali: kai tsaye, kafaɗa a sake, taki ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Ga shi kuma marar nauyi, kilo 57 kawai, da tsawon mita 1 da santimita 77.

Akwai kuma maganar tudu. Adis Ababa tana bisa tsauni, wajen mita 2400 sama da teku. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, cikin duwatsun Bagzan na Abzin, mita 2022 ne. Ashe mutanen Adis Ababa suna kwana suna tashi a wurin da ya fi ƙololuwarsa tsawo. A can iska ba ta da kauri, shaƙa ɗaya tana kawo oksijan kaɗan. Jikin wanda ya zauna a can yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, masu dakon oksijan. Idan ya sauko ƙasa kusa da teku, kamar Roma, sai ya sami iska a wadace. Tudu yana taimako, amma miliyoyin mutane suna zaune bisa tsaunukan Habasha, kuma ba dukansu ne Abebe ba. Shekarun horo da agogon Niskanen suna cikin lissafin.

Makarantar da ba ta da na'ura ma tana iya yin nata awo. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙarƙashin babban yatsa, ku ƙirga bugu cikin sakan 15, ku ninka sau 4. Ku yi haka kuna zaune, ku sake bayan kun zagaya fili, ku sake bayan hutun minti 2. Wanda bugunsa ya yi saurin komowa daidai, zuciyarsa ta horu. A 1968 wani likitan sojan Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da wani awo mai sauƙi: a yi gudu minti 12, a auna nisan da aka ci. Da sassafe ake yin wannan, a lokacin ɗari, tare da malam, bayan an sha ruwa. Da tsakar rana a bazara ba a yin sa, don zafin Damargu yana kā da babban mutum ma, balle yaro.

4. Tokiyo da Meziko

A watan Disamba 1960 shugabannin rundunar su Abebe suka yi yunƙurin tumɓuke Sarki, abin bai yiwu ba. Aka kama sojoji da yawa. Shi ma aka tsare shi, aka yi masa tambayoyi, aka sake shi. Ya koma ga gudunsa. A 1961 ya ci maraton uku, a Girka da Japan da Cekoslobakiya. A 1963 a Boston ta Amurka ya zo na biyar, don ƙafafunsa sun ɗaure masa a hanya.

Wasannin 1964 a Tokiyo aka yi su, babban birnin Japan. A nan ne Nijar ta fara shiga Olimpik, da ɗan dambe guda, Isaka Dabore. Ana sauran ƴan makonni ciwon ciki ya kama Abebe. Likitoci suka ga wani ɗan reshe na hanjinsa ya kumbura, suka yi masa aiki ran 16 ga Satumba. Tsere kuwa ran 21 ga Oktoba ne, kwana 35 kacal. Mutane da yawa suka fid da rai zai yi gudu. Shi kuwa tun ɗinkin bai gama warkewa ba ya fara sassarfa a farfajiyar asibiti da dare.

Wannan karo da takalmi ya fito. Tun kafin tsakiyar hanya ya wuce gaba, daga nan ba wanda ya sake ganin komi sai bayansa. Ya shiga filin wasa shi kaɗai, ya gama cikin awa 2, minti 12, sakan 11, ya sake kafa sabon tarihi na duniya. Maimakon ya zube ƙasa kamar yadda masu maraton suka saba, sai ya koma kan ciyawa yana motsa jiki, yana taɓa yatsun ƙafa, ya kwanta rigingine yana juya ƙafafu sama kamar mai tuƙa keke. Sai da aka yi fiye da minti 4 kafin na biyu, Basil Heatley na Ingila, ya iso. Kafin Abebe ba wanda ya taɓa cin maraton na Olimpik sau biyu.

A 1968 aka tafi birnin Meziko, wanda yake mita 2240 sama da teku. Kafin wasannin, likitoci na ƙasashe da yawa sun yi ta auna ƴan tserensu don su ga abin da tudu zai yi musu. Abin da suka ji tsoro ya faru. Ron Clarke na Ostareliya, wanda ya fi kowa saurin mita 10,000 a lokacin, ya zo na shida, ya faɗi a sume a bakin layi. Naftali Temu na Kenya ne ya ci wannan tsere, Keino ya ci na mita 1500. Abebe ya saba da irin wannan iska tun haihuwa, amma ya zo da rauni: siririn ƙashin ƙwaurinsa ya tsage. Ya daure ya yi wajen kilomita 16, sa'an nan ya fita daga tseren. Abokinsa Mamo Wolde, soja ɗan'uwansa, shi ya ci, zinariya ta koma Habasha karo na uku a jere. Wannan ne maraton na ƙarshe da Abebe ya shiga. Cikin 16 da ya yi a rayuwarsa ya ci 12.

5. Keken guragu

Daren 22 ga Maris 1969 yana tuƙa motarsa ƙirar Volkswagen, sai ta ƙwace masa ta kife. Ya kwana a ciki, sai da gari ya waye aka fid da shi. Ƙashin wuyansa ya taɓu, jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya yi wata 8. Hannuwansa suka komo da aiki, ƙafafun kuwa ba su sake ɗaukarsa ba. Yana da shekara 36 a lokacin.

A wannan asibiti ana koya wa marasa lafiya wasanni don su ƙarfafa jiki. Abebe ya koyi harbi da kwari da baka yana zaune cikin kekensa, ya koyi ƙwallon tebur. A 1970 ya shiga gasar naƙasassu da ake yi a can. A 1971 aka gayyace shi ƙasar Norwe, ya shiga tseren keken ƙanƙara wanda karnuka ke ja, ya zo na ɗaya.

A 1972 aka gayyace shi wasannin Olimpik na Munik, a Jamus, a matsayin babban baƙo. Da aka turo kekensa cikin fili jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Ya ga Mamo Wolde, mai shekara 40, ya zo na uku a maraton. A waɗannan wasanni ne kuma Isaka Dabore ya ci lambar tagulla a dambe, lamba ta farko da Nijar ta samu a Olimpik.

Abebe Bikila ya rasu a Adis Ababa ran 25 ga Oktoba 1973, sanadin zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41. Dubban mutane suka raka gawarsa, har da Sarki Haile Selasiye. Aka binne shi a maƙabartar cocin Yusufu Mai Tsarki, aka sa wa wani filin wasa na birnin sunansa.

Bayansa ƴan tseren Habasha da Kenya suka cika fagen. A 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya yi maraton a Cikago cikin awa 2 da sakan 35, da takalmi na musamman, a kan titi mai santsi. A 2010, shekara 50 bayan wancan dare, wani Bahabashe mai suna Siraj Gena yana kan gaba a maraton na birnin Roma. Da ya rage mita 300 ya tsaya, ya tuɓe takalmansa, ya ƙarasa ƙafa ba takalmi, ya kuma zo na ɗaya.